Yadda Ake Rataye Kaya Masu Nauyi a Bangon Jifsam Mai Ginshiƙan Ƙarfe

Wanda ya saba da bangon bulo da siminti, ranar da ya fara ɗora injin huda a bangon jifsam sai ya sha mamaki. Bai gama dannawa ba tsinken ya zurma ciki, farin gari na zuba kamar an daka alli, bayan nan kuma babu komai sai iska. Irin wannan bango allo ne na jifsam da aka lulluɓe da takarda mai kauri gaba da baya, aka ɗaure shi da sukuru a jikin ginshiƙai. Kaurin allon yawanci milimita 12.5 ne, akwai na 9.5 da na 15. Ginshiƙan kuma ko na katako ko na ƙarfe. A kan na ƙarfe nake son yin magana, domin a nan ne na ga mutane, har da ni kaina, suna ruɗuwa. Mutum ya ji kalmar ƙarfe sai hankalinsa ya kwanta, alhali ƙarfen da ake sa wa bangon raba ɗaki ba ya wuce rabin milimita ko ɗan sama da haka. Falle ne aka lanƙwasa, ba rodi ba.

Na taɓa kafa kantar littattafai a irin wannan bango. Na nemo ginshiƙan daidai, na ɗaure da manyan sukurun katako, na girgiza kantar na ji ta daram, na jera littattafai. Bayan 'yan makonni na tarar ta sunkuyo, an samu rata tsakaninta da bango da yatsa zai shiga. Da na sauke kayan na ja sukurun sama, da hannu ya fito. Na juya shi a tafin hannuna na duba: duk tsawonsa farin gari ne, zare ɗaya tak ne ya goge ya yi ƙyalli, shi kaɗai ne ya taɓa ƙarfen. Wato a kan wannan zare ɗaya littattafan nan duka suka kwana suka tashi. A katako, sukuru na cizo da duk tsawonsa. A falle na ƙarfe babu abin ciza. Don haka kaya mai nauyi ba a dogara da cizon sukuru. Abin da ake so shi ne wani ƙarfe ya shiga bayan ginshiƙin ya tokare, boti ya matse allo da ginshiƙi a tsakani kamar filaya. Duk sauran bayanin nan a kan wannan yake tafiya.

Fara da sanin nauyin, da kuma yadda zai ja bango

Kada ka yi kintace. Ɗora kayan a sikeli, ko ka hau da shi ka sauke ka cire nauyinka. Sannan ka haɗa da abin da za a zuba masa. Kabad ɗin kicin fanko ba wani abu ba ne, farantan tangaram da gwangwanaye su ne nauyin. Jerin littattafai mai tsawon mita ɗaya na iya kai kilo 20 zuwa 30. Ruwa kuwa kowace lita kilo ɗaya ce.

Amma kilo kaɗai ba ya ba da labarin duka. Akwai nauyin da ke zamewa ƙasa a jikin bango, kamar madubi ko hoto da ya lafe. Wannan bango na jure shi sosai. Akwai kuma wanda ke fizgar boti waje, kuma shi ne mugun. Duk abin da ya turo gaba, kanta, kabad, ko talabijin mai hannu, yana yi wa botin sama abin da guduma ke yi wa ƙusa idan ana cire ta. Lissafin ba wuya. Ka ninka nauyin da nisansa daga bango, ka raba da tazarar da ke tsakanin botin sama da na ƙasa. Talabijin mai kilo 20 da ta lafe, nisanta santimita 5, a mariƙi, wato ƙarfen da ke riƙe ta a bango, mai tazarar santimita 20: fizgar da ke kan botin sama kilo 5 ce kacal. Talabijin ɗin nan dai, a miƙo hannunta santimita 50: fizgar ta koma kilo 50, kuma ba a ma sa nauyin hannun ba, ba a sa jan da yara za su yi mata kullum suna juya ta ba. Abu ɗaya ne, bango ɗaya ne, amma fizgar ta ninku sau goma. Wanda ya riƙe wannan lissafi ya riga ya tsallake rabin haɗarin.

Game da lambar nauyi da ake bugawa a jikin fakitin maɗauri, wato abin da ake cusawa a bango ya riƙe boti ko sukuru, ka karanta da kyau. Sau da yawa nauyin da abin ya karye a kansa a wajen gwaji suke rubutawa, ba wanda ya dace a ɗora masa kullum ba. Idan haka ne, a raba lambar gida huɗu a yi aiki da kashi ɗaya. Kuma maɗauri huɗu da aka cunkusa wuri ɗaya ba su zama ƙarfi huɗu ba, tunda allo ɗaya suke ja, kuma zai iya ɓallewa da su gaba ɗaya.

Nemo ginshiƙan

A nan ƙarfe ya fi katako sauƙi, domin maganaɗisu na kama shi. Sami ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, ka naɗe shi da ƙyalle ko tef don kada ya goge fenti, ka riƙa jan sa a kwance a hankali. Inda ya yi nauyi a hannunka akwai ƙarfe. Inda ya manne ya tsaya da kansa, kan sukurun da ya riƙe allo ne a ƙarƙashin fenti. Bi sama da ƙasa za ka samu 'yan'uwansa a jere, wannan layin shi ne ginshiƙi. Na'urar neman ginshiƙi ma na aiki idan tana da sashen gano ƙarfe, sai dai ni ba na yarda da ita ita kaɗai, don bututun ruwa ma ƙarfe ne a wajenta. Ƙwanƙwasa bango da yatsa ana sauraro kuwa bai cika faɗin gaskiya ba a nan, ginshiƙin siriri ne, sautin ba ya canzawa sosai.

Idan ka samu ɗaya, auna santimita 40 ko 60 gefe, a nan ya kamata na gaba ya kasance. A Amurka da inda ake bin awonta inci 16 ne ko 24. Idan abin da ka samu bai bi wannan tsari ba, ko kuwa a kwance yake tafiya, dakata, wataƙila ba ginshiƙi ba ne.

Samun layin bai isa ba, sai ka san tsakiyarsa. Fuskar da allo ke kwance a kanta ba ta da faɗi, wasu santimita 3 da ɗoriya, wasu har 5. Siffar ginshiƙin kamar kwalbati ce da aka tsayar: gefe ɗaya rufe da ƙarfe, ɗaya gefen a buɗe. Ka huda kusa da rufaffen gefe, maɗauri ba zai samu wurin juyawa ba. Ka huda kusa da buɗaɗɗen, ƙarfen zai lanƙwashe ya guje wa tsinke, ko ramin ya yage bakinsa. Liƙa tef ɗin takarda a wurin, ka ɗauki siririn tsinke na milimita 2, ka yi 'yan ƙananan huji a jere a inda kayan zai rufe. Wanda ya faɗa fanko, da wanda ya tokari ƙarfe, su za su nuna maka bakin hagu da na dama. Raba biyu ka ja layi.

Kafin injin ya taɓa bango

Cikin bangon nan ba fanko ba ne kamar yadda yake nunawa. Ginshiƙan ƙarfe na zuwa da ramuka a jikinsu, ta nan ake zura wayoyin wuta da bututun ruwa. Waya yawanci tana tashi sama, ko ta sauka, ko ta tafi a kwance daga soket da makunni, don haka ka guji waɗannan layuka. Leƙa ɗaya gefen bangon ma: idan banɗaki ne ko kicin, ka ɗauka akwai bututu har sai ka tabbatar babu. Kashe wutar sashen daga akwatin wuta. Wannan ba ƙa'idar cika baki ba ce, domin idan tsinke ya fere waya ta taɓa ginshiƙi, ƙarfen na iya ɗaukar wuta. Naɗa tef a jikin tsinken a daidai santimita 2, ya zame maka iyaka, kada ya zurma ya taɓa abin da ke ciki ko ya ɓullo ɗakin maƙwabci.

Danna allon da babban yatsa. Idan ya yi laushi, ko da tabon ruwa, ko takardar ta kumbura, wannan wuri ya mutu, babu maɗaurin da zai riƙe a cikinsa. Idan gidan haya ne ko ofis, nemi izini, musamman a bangon da ke tsakaninka da wani gida ko na hanyar fita, don galibi an gina su ne su tare gobara da ƙara, kuma manyan huji na rage musu wannan aiki. Irin waɗannan kan zo da allo biyu a haɗe, wanda zai canza tsawon botin da kake bukata.

Wane maɗauri

Robar nan da ake cusawa a bangon siminti, wadda masu aiki ke kira fisha, ajiye ta gefe. Tana aiki ne da buɗewa ta matse jikin rami, jifsam kuwa marmashewa yake yi. Ƙaramin hoto ko agogo, ƙugiyar hoto ko maɗauri mai zare mai faɗi da ake murzawa cikin allo ya wadatar. Abu mara nauyi da ya faɗo daidai kan ginshiƙi, sukuru mai ƙananan zare da ke huda ƙarfe da bakinsa zai riƙe, muddin ka tsaya da zarar ya kama. Ya zarce ya fara juyawa a banza, ramin ya lalace ke nan, matsa sama ko ƙasa ka sake.

Madubi ko ƙaramar kanta da ba ta dace da ginshiƙi ba, akwai maɗaurin ƙarfe mai buɗe ƙafafu a bayan allo kamar laima. Yana da kyau, amma a saye shi daidai da kaurin allon, kuma a buɗe shi da filayarsa ta musamman, don murza shi da sukudireba kan sa ya juya ya cinye bakin ramin.

Kaya mai nauyi na gaske kuwa, boti mai fiffike ta cikin ginshiƙi. Iri biyu ne. Tsohon yayi yana da fikafikai biyu da sifirin, ana naɗe su a tura, su buɗe a ciki. Yana riƙewa, sai dai dole ka zura botin ta cikin kayan kafin ka tura, kuma ranar da ka kwance botin fiffiken ya faɗa cikin bango, sai dai wani. Na biyun sandar ƙarfe ce guda mai igiyoyin roba biyu da hula, irin Snaptoggle na kamfanin Toggler da makamantansa. Shi nake zaɓa, saboda yana zama a wurinsa ko babu boti, kana iya sauke kaya ka mayar sau goma, kuma sandar tana kwanciya sosai a bayan ƙarfe.

Aikin kansa

Ɗora mariƙin a bango, ramukansa a kan layin tsakiyar ginshiƙi, ka daidaita da ma'aunin ruwa, wanda magina ke kira filam, ka yi alama da fensir. Sake aunawa. Ramin da za ka yi babba ne, ba a gyara shi da matsawa kaɗan.

Sa tabarau na kariya, ɓarɓashin ƙarfe ba ya wasa da ido. Kashe dukan guduma na injin, wannan na siminti ne. Fara da tsinken ƙarfe na milimita 3 ko 4, a hankali, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Idan ka danna, fuskar ginshiƙin za ta lotsa ciki ta rabu da allo. Za ka ji tsinken ya wuce jifsam kamar ba komai, ya tsaya yana ƙara, sannan ya faɗa. Duba garin da ya fito: idan da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli a ciki, ka samu ginshiƙi. Daga nan ka faɗaɗa ramin zuwa girman da fakiti ya ce, wanda ga masu igiyar roba yawanci milimita 13 ne, wato rabin inci. Babban tsinke na yau da kullum na son cafke falle ya fizge hannu, ya bar rami mai kusurwa. Tsinke mai hawa-hawa, mai siffar dala, ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan aiki, yana yanka ƙarfen sumul. In babu shi, hau a hankali: 4, sai 8, sai 13.

Kwantar da sandar ta yi layi ɗaya da igiyoyin, ka tura ta cikin ramin har ta wuce ƙarfen. Ja igiyoyin baya, za ka ji ta juya ta tokare. Ga wurin da ake yawan kuskure: sandar ta fi faɗin fuskar ginshiƙi tsawo, don haka dole ta tsaya a tsaye, ta bi tsawon ginshiƙin. Idan ta kwanta, ɓangare ɗaya zai hau kan leɓen ƙarfen ko ya tokari rufaffen gefe, ta zauna a karkace, boti ya ƙi kama zare. Juya igiyoyin kana ja a hankali har ka ji ta zauna lif. Idan akwai audugar tare zafi a cikin bangon, tura ta baya da sukudireba tukuna, don takan hana sandar juyawa. Da hannu ɗaya riƙe da igiyoyin a miƙe, tura hular da ɗaya hannun har ta shige rami ta yi daidai da fuskar bango, sannan ka karya ragowar igiyoyin.

Tsawon boti ya zama kaurin kayan, da kaurin allo, da ƙarin akalla santimita ɗaya da rabi da zai ratsa sandar ya fito. Sa washa a ƙarƙashin kansa. Fara murzawa da yatsu, kada ka tura, don turawa na iya ɓalle sandar daga hula. Sa duka botin su kama kafin ka matse ko ɗaya, sake duba filam, sannan ka ƙarasa da sukudireba ko sifana, da hannu. Injin ba ya jin lokacin da ya isa. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, jifsam ne ke murƙushewa, ka wuce gona da iri. Abin da ake nema mariƙi ya lafe ya daina motsi, shi ke nan.

Idan ramukan ba su kai ginshiƙi biyu ba

Wannan na faruwa kullum, musamman inda tazara santimita 60 ce, mariƙin talabijin kuma bai kai haka faɗi ba. Kada ka ce bari in kama ginshiƙi ɗaya, ɗaya gefen allo ya ji da shi. Ga abin da ya lafe mai matsakaicin nauyi hakan na iya wucewa, amma ga mai hannu ko kabad, a'a. Yanko filawud mai kaurin milimita 18, faɗinsa ya haye ginshiƙi biyu, uku in da hali, tsayinsa kuma ya ɗara na mariƙin, tunda mun ga yadda tazara tsakanin sama da ƙasa ke rage fizga. Ɗaure shi da boti biyu ko uku masu fiffike a kowane ginshiƙi, sannan ka ɗaure mariƙin a jikin katakon. Mafi inganci shi ne ka buga noti mai haƙora ta bayan filawud ɗin kafin ka ɗaga shi bango, boti ya shiga cikinsa ta gaba. Shafa masa fentin bango, talabijin za ta rufe shi.

Kabad da manyan madubai kuwa, ina son dabarar katako biyu da aka yanka bakinsu a karkace, digiri 45. Ɗaya a bango, bakinsa na kallon sama, an ɗaure shi a duk ginshiƙin da ya haye. Ɗayan a bayan kabad, bakinsa na kallon ƙasa. Ka ɗaga ka ɗora, su sarƙe, nauyin ma ƙara matse su yake yi. Nauyi ya rabu a ginshiƙai da yawa, kuma kana iya zame kabad ɗin hagu ko dama ba tare da sabon rami ba. Sa wani katako mai kauri daidai da nasu a ƙasan bayansa don kada ya sunkuya.

Akwai kayan da duk wannan bai ishe su ba. Tukunyar dumama ruwa mai lita 50 ta kai kilo 50 tun ba a sa nauyin ƙarfenta ba. Kwanon wanke hannu mutane na dogara a kansa. Sandar da tsoho ko majinyaci zai kama a banɗaki nauyin mutum ne gaba ɗaya, a fizge, a lokacin da santsi ya ɗebe shi. Waɗannan sai an buɗe bango: a yanke allo daga tsakiyar ginshiƙi zuwa tsakiyar na gaba, a cusa filawud mai kauri ko katako a tsakaninsu a ɗaure ta fuskar ƙarfen, a mayar da allo, a liƙe, a shafe, a yi fenti. Masai mai rataye da manyan tukwane kuma suna da firam ɗinsu na ƙarfe da ke sauke nauyi a ƙasa. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma idan hannunka bai saba ba, a nan ne kiran ƙwararre ya dace. Ina roƙonka kada ka yi wa sandar banɗaki dabara. Haka silin: duk abin da na faɗa na bango ne, a sama nauyin gaba ɗaya fizga ce.

Gwaji

Kafin ka ɗora kayan, kama mariƙin da hannu biyu ka ja shi ƙasa da waje, a hankali kana ƙara ƙarfi, idonka a kan bakinsa na sama. Bai kamata ka ga rata ta buɗe ba, ko fenti ya tsage, ko gari ya zubo. Idan bangon gaba ɗaya ne ke lanƙwasowa yana komawa, ginshiƙan ne suka yi wa kayan siriri, sai a ƙara faɗin katakon ya kama wasu. Ku ɗaga kayan ku biyu. A kanta da kabad, masu nauyi su zauna a ƙasa kuma can ciki kusa da bango. Ja siririn layi da fensir a bango daidai saman kayan. Bayan mako ɗaya ka dawo ka duba layin, ka sa sukudireba a kowane boti, don jifsam kan ɗan lotsa a kwanakin farko. Kwata na juyi yakan isa. Idan kuwa ka ga kayan ya sauka daga layin, ko takardar allo ta kumburo a gefen boti, sauke shi a ranar, ka koma kan filawud mai haye ginshiƙi uku.